Idon Likitan Fata da Ƙafar Makiyayi



Wanda duk ya taso daga Damagaram ya kama hanyar Agadas, ya ci kusan kilomita 150 har ya sauka Tanut, sa'an nan ya rabu da kwalta ya auka cikin rairayi ya nufi Tenhya, ƙasar rijiyoyi masu nisan ruwa, inda Abzinawa da Fulani suke bin raƙumansu da shanunsu duk inda ciyawa ta kira su, lalle in ya tsaya a bakin rijiya ɗaya ya ƙare wa jama'a kallo, ba zai tashi ba sai ya ga yaro mai makero a ka, ko tsohuwa mai daɗaɗɗen gyambo a ƙwauri, ko kuwa magidanci da ya naɗe ƙafa da tsumma yana ɗingishi a bayan garkensa. Waɗannan duka marasa lafiya ne, amma in ka gaishe su za su ce maka lafiya lau, domin a wurinmu cutar da ba ta kayar da mutum ba, ba ta kuma hana shi shan fura ba, ba a cika lissafa ta cikin cututtuka ba. To, a yau maganarmu a kan wani malami ce daga cikin malaman likita, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nazarin waɗannan abubuwa da muka raina, wato ƙwararren likitan fata, mutumin da galibin jama'ar Damargu, tun daga Tanut har Belbeji, za su yi zamansu na duniya su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa zama a gabansa ba.

Kafin a kira mutum da wannan suna, sai ya sha tafiya mai nisa. Yaron da ya sami bak, wato shaidar kammala sakandare, in Allah ya nufe shi da karatun likita, zai shiga sashen ilimin lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko na Jami'ar André Salifou a Damagaram, ya yi shekara bakwai ko takwas yana koyon halittar ɗan Adam tun daga ƙashi har jini, yana kwanan gadi a ɗakunan majinyata, har ya rubuta kundinsa ya kare shi a gaban malamai, ya yi rantsuwa, a ce masa likita. Wannan likita ne na kowace cuta. Idan kuwa zuciyarsa ta karkata ga fata, sai ya ƙara wasu shekaru huɗu a hannun manyan fannin, galibi a wata ƙasa, ko Dakar, ko Abijan, ko Bamako, inda Faransawa suka kafa wata cibiya domin kuturta tun 1935, wadda daga baya aka sa mata sunan Marchoux, yau kuma ta zama asibitin fata da ƙasashe da yawa suke aika ɗalibansu. Wanda zai koyar a jami'a, akwai kuma jarrabawar hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu tana jiransa. A taƙaice, jaririn da aka raɗa wa suna ranar da wannan ɗalibi ya shiga jami'a, kafin ɗalibin ya fito da shaidar ƙwarewa, ya isa a damƙa masa awaki ya kai su kiwo shi kaɗai.

Na san wani zai ce, ashe sai an yi shekara goma sha biyu kafin a san abin da kowa yake gani da idonsa? Ai ciwon ciki ne ɓoyayye, na fata kuwa a fili yake. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma a nan ne kuskuren yake, domin cututtukan fata da aka sani sun haura dubu biyu, alhali alamomin da fata take iya nunawa ba su taka kara sun karya ba: ko ta yi fari, ko ta yi baƙi, ko ta kumbura, ko ta tsage ta yi ruwa, ko ta yi ƙaiƙayi. Saboda haka likitan fata yana zaune ne kamar alƙalin da shaidu masu yawa suka zo masa da lafazi iri ɗaya, wani na gaskiya wani na zur, wanda ba ya halatta a gare shi ya yanke hukunci sai ya tantance kowane ɗaya, ya san asalinsa da halinsa. Zai fitar da majinyaci zuwa hasken rana, ya nemi ya duba jiki duka ba wurin da aka nuna masa kaɗai ba, ya leƙa tsakanin yatsu da cikin baki da farce da fatar kai. Ya tambayi yaushe abin ya fara, da wa kuma yake susa a gidan, da wane magani aka sha ko aka shafa, da wace sana'a ake yi. In shakka ta saura, ya kankari ɗan ɓawon fata ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ko ya yanki 'yar tsoka kamar ƙwayar dawa ya aika a bincika. Wannan irin ido ba sabon abu ba ne a tarihin Musulmi, gama Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, shi ne ya wallafa risalar da ta rarrabe agana da ƙyanda, a zamanin da ba madubi ba awon jini, sai dai lura da haƙuri. Akwai kuma wata wahala da ta keɓanci likitanmu: yawancin littattafan fannin a Turai aka rubuta su, hotunansu na fatar Turawa ne, inda kumburi yake fitowa ja wur, a jikinmu kuwa jan ba ya bayyana, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka, don haka wanda ya haddace littafi bai zauna gaban majinyata baƙaƙe ba, zai iya kallon cuta ƙuru-ƙuru bai gane ta ba.

Mu ɗauki farin tabo. Budurwa ce aka ga wani wuri a bayanta ko a kumatunta ya fi sauran jiki haske, magana ta fara zagaya gari a ɓoye, dangin saurayi suka fara ja da baya. Tabon nan yana iya zama ƙyasbi, wanda sabulu da man shafawa na 'yan makonni suke kawar da shi. Yana iya zama albaras, wanda launi ne kawai ya gushe, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko da an ci abinci a ƙwarya ɗaya shekara da shekaru. Yana kuma iya zama farkon kuturta. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun lissafa juzamu da barasu, wato kuturta da albaras, a cikin aibobin da suke bai wa miji ko mata zaɓin warware aure, saboda haka kalmar da za ta fito daga bakin wanda ya duba tabon nan tana iya ɗaure aure ko ta kashe shi. Abin da ƙwararre zai yi kuwa ba ya bukatar na'ura: zai ce ta rufe ido, ya taɓa tabon da ɗan zaren auduga, ya taɓa lafiyayyar fata, ya ce ta nuna inda ta ji, sa'an nan ya lalubi jijiyar da ke bayan gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa, ya ji ko sun yi kauri. Tabon da ba ya jin taɓi, tare da jijiya mai kauri, shi ne kuturta, har sai an tabbatar da akasin haka.

Ina so masu saurare su riƙe wannan da kyau, domin tsoron da muka gada daga kakanni ya girmi maganin da ke hannunmu yau. Wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar a 1873, aka san ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ce. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna, wanda yau ake sha wata shida ko wata goma sha biyu, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a ko'ina. Wanda ya fara sha, ba da daɗewa ba ya daina harbin kowa, kuma mafi yawan mutane ma jikinsu ba ya karɓar cutar ko sun zauna da mai ita. Yatsu kuwa ba zubewa suke yi don kansu ba. Jijiya ce take mutuwa, hannu ya daina jin zafi, sai mai dafa shayi ya ɗauki buta daga kan garwashi bai ji ba, mai jan guga igiya ta ci tafinsa bai sani ba, rauni ya bi rauni har gaɓa ta lalace. Kutaren da iyayenmu suka sani a Danja kusa da Maraɗi, inda mishan suka buɗe asibiti a 1956, ko a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato, yawancinsu mutane ne da magani ya iske su bayan ɓarna ta riga ta auku. Tsakanin farin tabo da dungulmi akwai shekaru, kuma a cikin waɗannan shekaru ne zaren audugar nan yake da amfani.

Amma cutar da ta fi damuna game da makiyayan Tenhya wata ce dabam, wadda ba a cika ambatonta a rediyo ba, likitoci suna kiranta misetoma. Asalinta ƙaya ce. Mutum yana tafe cikin daji da takalmin fata ko ba takalmi, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ta soke shi, ya cire ya wuce, gama wane makiyayi ne zai tsaya jinyar ƙaya? Amma tare da ita wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa ta shiga, ta kwanta, ta yi watanni ko shekaru tana gina gida ba tare da zafi ba, har wurin ya yi tauri ya kumbura, ya huje ƙofofi ƙanana masu fitar da ruwa, a cikin ruwan kuma akwai 'yan tsaba kamar gero ko mafi ƙanƙanta. Rashin zafin nan shi ne babbar musibarta, domin shi yake sa a yi ta jinkiri, a je wurin wanzami ya yi sakiya, a ɗaura ganye, a ce daji ne ko jifa, har cutar ta kai ga ƙashi, a wannan lokaci kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai yanke ƙafa. Makiyayin da ba shi da ƙafa kuwa, kowa ya san abin da ya rage masa na sana'a. To, dubi inda ilimi yake aiki. Ƙwararre zai matsa wurin ya karɓi tsabar a kan ƙyalle ya dubi launinta: in baƙa ce, ya san cutar daga dangin funfuna take, maganinta mai tsada ne mai tsawo, galibi kuma sai an haɗa da fiɗa, in ja ce ko rawaya, ya san daga dangin bakteriya take, wadda ƙwayoyin magani masu sauƙin samu suke iya warkarwa in an jure shansu watanni da yawa, ƙafa ta tsira ba a sa mata wuƙa ba, in fara ce, sai an kai ta ɗakin bincike. Launin tsaba ɗaya ke nan yake raba hanya biyu. Cutar tana bin wannan ɗamara ta Sahel tun daga Senegal har Sudan, inda aka kafa mata cibiyar bincike a Khartum a 1991, amma sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, abin da yake nuna cewa ba mu kaɗai muka raina ciwon talaka ba.

Wani abin da 'yan jiharmu da yawa ba su sani ba shi ne, sunan Damagaram yana cikin tarihin wannan fanni. A shekarar 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya ba da labarin wasu gyambuna da ya gani a yankin Damagaram, ya ce suna kama da wanda aka sani a ƙasashen Gabas, kuma wannan shi ake ɗauka bayani na farko a kan cutar leshmaniya ta fata a Afirka ta Yamma. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake ɗauko ta daga ɓerayen daji, ya ciji mutum da dare a fuska ko hannu ko ƙafa, bayan makonni ƙurji ya fito ya buɗe ya ƙi warkewa, a yi ta ɗura wa mai shi allurai da ba su da alaƙa da cutar. Sau da yawa takan warke don kanta bayan watanni, ta bar tabo. Sanin wadda za a bari da wadda za a yi wa allura, musamman in tana kusa da ido ko hanci, shi ma aikin ƙwararre ne.

Ƙazuwa kuwa kowa ya san ta, har an mai da ita abin dariya, alhali ƙwaro ne yake haƙa rami cikin fata, susar da yara suke yi tana buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyi da kan kai ga ciwon ƙoda. Maganinta ba wuya, da sharaɗi ɗaya: a shafa wa mutanen gida duka a rana ɗaya, ko almajiran makaranta duka, mai susa da marar susa, a wanke tufafi da shimfiɗa, inda ruwa ya yi ƙaranci a ƙulle su cikin leda kwana da kwanaki. Wanda ya yi wa yaro ɗaya magani ya bar 'yan'uwansa, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. A nan ne kuma zan yi tsokaci a kan man shafawar nan da ake sayarwa a kan tebur ranar kasuwa, wanda mai talla yake rantsuwa yana maganin kowane ƙurji. Yawancinsa yana ɗauke da sinadari mai kwantar da kumburi, ya kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mai saye ya yi ta sa albarka. Amma a kan makero da ƙazuwa ƙara musu ƙarfi yake yi, ya kuma ɓata kamanninsu har likita ya sha wuya kafin ya gane su. Shi ne dai sinadarin da ke cikin mayukan bilicin da 'yan mata suke shafawa, wanda ƙarshensa fata ta yi siriri ta tsattsage, fuska ta yi baƙin da ba ya fita. Sau da yawa kuma fata manzo ce ta abin da ke ciki: baƙin tabo mai zagaye da yake dawowa wuri ɗaya duk lokacin da aka sha wata ƙwaya gargaɗi ne a bar ta, tun kafin ranar da za ta saɓule fata duka, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa yakan tona ciwon sukari, ɗan ƙurjin da ya daɗe a fuskar zabiya kuwa, a ƙasa mai rana irin tamu, a ɗauke shi sankara har sai likita ya ce ba ita ba ce.

To, ina amfanin wannan ilimi duka ga mutumin da ke Tenhya, alhali masu shi 'yan kaɗan ne a ƙasar, yawancinsu kuma suna Yamai, a babban asibiti da cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta? Imamu Gazali ya koka tun ƙarni tara da suka wuce, cewa ɗibbu, wato ilimin likita, farilla ce ta kifaya, amma sai ka sami gari cike da masu jayayya a kan rassan fiƙihu, ba likita Musulmi ko ɗaya. Farillar kifaya kuwa, a fahimtata, ba ta sauka daga wuyan al'umma don kawai an sami mai yinta a wani birni da mabukaci ba zai iya kaiwa ba. Ba kuma zan yaudare ku in ce za a kawo ƙwararre a ajiye a kowace ƙaramar hukuma ba. Ko ƙasashen da suka fi mu wadata ba su kai ga haka ba. Abin da nake gani shi ne, darajar babban likita a ƙasa irin tamu ba a auna ta da yawan waɗanda suka yi layi a ƙofarsa, sai da yawan idanun da ya koya wa gani. An jarraba wannan a Mali a farkon shekarun 2000, inda likitocin fata na Bamako suka tara ma'aikatan ƙananan gidajen likita suka koya musu, a yini ɗaya tak, yadda za su rarrabe 'yan cututtukan da suka fi yawa da kuma alamun kuturta. Da aka koma aka duba, sai aka tarar majinyatan da suke samun ganewa da magani daidai sun tashi daga kimanin kashi 40 cikin ɗari zuwa kimanin 80. Mu ma muna da hujja a gida: kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoman jihar Damagaram a tsakiyar damina, ba manyan likitoci ne suka bi shi ƙauye ƙauye ba, mutanen gari ne da aka koya wa tace ruwa da kai rahoto, har Nijar ta karɓi shaidar rabuwa da shi a 2013.

Yau kuma ga waya a aljihun kowane majo, wato ma'aikacin jinya mai kula da gidan likita, cutar fata kuwa, saɓanin ta hanta ko ta zuciya, tana shiga hoto. Majon da ke gidan likita na karkara, in ya ɗauki hoto uku cikin hasken rana, ɗaya daga nesa, ɗaya kusa, ɗaya daga gefe, bayan ya nemi izinin majinyaci ya kuma kiyaye al'aurarsa da sirrinsa, ya rubuta shekaru da sana'a da tsawon ciwo, ya aika lokacin da ya sami layi, ƙwararre a Yamai ko Damagaram zai iya gaya masa wanda zai yi wa magani a nan, da wanda lalle sai ya hau mota. Wannan rarrabewa ba ƙarama ba ce ga mutumin da tafiyarsa asibiti tana nufin sayar da akuya biyu da neman wanda zai shayar masa da dabbobi.

Saura waɗanda ba sa zuwa gidan likita ko kaɗan, su ne kuwa masu yawa. Makiyayi yana iya ƙin kai kansa, amma ba ya ƙin kai garkensa wurin rigakafi. A Cadi, tun wajen shekarar 2000, an haɗa malaman dabbobi da ma'aikatan lafiya a fita ɗaya, ana yi wa shanu allura a gefe, ana yi wa yara da mata a gefe, aka riski mutanen da da ba a iya riskarsu. Ina roƙon hukumomin lafiya na Tanut da Belbeji, da sarakunan makiyaya da shugabannin ƙungiyoyinsu, su duba wannan: duk ranar da motar rigakafin dabbobi za ta fita, a bar kujera ɗaya ga ma'aikacin da likitan fata ya horar, ya tafi da auduga da waya da littafin rubuta sunaye, ya ce wa kowane mai garke, bayan an gama da shanu, ya zauna ya kwance rawani ya cire takalmi a duba shi.